Na ga ƙwaya a ƙarƙashin katifar ɗana, ina tsoron faɗa wa mahaifinsa

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, 'ya'yana biyar. Damuwata a kan babban ne, ɗan fari, shekararsa 16, yana aji biyu na babbar sakandare. A da ko yatsa aka sa masa a baki ba zai ciza ba, ya haddace izu 20 a Islamiyya. Tun dogon hutun da ya wuce, da ya fara bin wani maƙwabcinmu kasuwa koyon gyaran waya, na ga ya canza. Ya rame, abinci sai ya ga dama, tashin Asuba sai an yi da gaske, ƙannensa ba su isa su yi masa magana ba sai duka. Kuɗin adashena naira dubu 15 suka yi ɓatan dabo, ban zargi kowa ba. Wata biyu da suka wuce na shiga shagonsu na ƙofar gida zan kwaso wanki, na ɗaga katifa sai ga katin tiramol an sha rabi, da kwalbar maganin tari ba komai a ciki. Gwiwoyina suka yi sanyi, na mayar da katifar na fito.

Har yau ban yi masa magana ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba na kama wa, ban san ta inda zan fara ba. Mahaifinsa direban babbar mota ne, yakan yi sati biyu ko uku ba ya gari, ga zafin zuciya. Ya sha faɗa cewa duk ɗan da ya kama da shaye-shaye ko ya kai shi gidan mari ko ya sallama wa duniya shi. Ina da abokiyar zama, muna zaman lafiya, amma ba na son maganar ta fita. Mahaifiyata kaɗai na faɗa wa, ta ce sammu ne, ta karɓo rubutu ina zuba masa a kunu. Ban ga canji ba. Anti, in faɗa wa uban ne ko in ci gaba da rufewa?

Uwa cikin damuwa, Kano

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya yaye miki, Ya shirya mana zuri'a baki ɗaya. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma duk sau biyun a wuri ɗaya na tsaya: inda kika ce kin mayar da katifa kin fito. Wata biyu ke nan kina zuba masa abinci, yana shigowa gaishe ki kina satar kallon idonsa, ki kwanta da abin ki tashi da shi, ba ki da wanda za ki yi wa kuka sai tsohuwarki. Ba ƙaramin kaya kika ɗauka ba. Amma tunda gaskiya kika zo nema, zan faɗa miki ita tun da wuri: shirun nan bai amfane shi da komai ba. Tiramol da kodin da ke cikin maganin tari jiki na sabawa da su, ƙwaya ɗayan da ta ishi mutum wancan watan, wannan watan sai biyu. Kowane sati da ya wuce ana rufa-rufa, aikin da ke gabanku ƙaruwa yake yi.

Ki fara cire wa ranki cewa tarbiyyarki ce ta gaza. Wannan masifa ta shiga gidan malamai, ta shiga gidan sarauta, ta shiga gidan da ake ci sau uku da wanda ake ci sau ɗaya. Binciken da gwamnatin Najeriya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, da suka yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara guda. Daga cikinsu miliyan 4.6 irin su tiramol suke sha. A watan Mayun shekarar ne gwamnati ta haramta yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan wani bincike da BBC ta yi, amma ga shi kin tsinci kwalba a shagon ɗanki. Haramcin ya ƙara masa tsada ne ya mayar da shi bayan fage. Ban kawo miki lissafin nan don ki ce ai kowa ma yana yi ba. Na kawo ne don ki san likitoci sun ga dubban irinsa, kuma akwai hanyar da ake bi.

Sai kuma shekarunsa. Mu iyaye mukan ga yaro ya yi tsawo, murya ta buɗe, gashin baki ya fara tsirowa, sai mu ɗauka hankali ma ya kammala. Ina! Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda ke sa mutum ya auna abu kafin ya aikata, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Sashen da ke son daɗi da son a ce wane gwani ne kuwa, tun farkon balaga yake tashe. Shi ya sa yaron da ke da izu 20 a ka, wanda ya san haramun sarai, zai iya karɓar ƙwaya daga hannun aboki don kawai kada a ce masa ɗan Hajiya. Kuma shi ya sa wanda ya fara tun yana ƙarami ya fi saurin kamuwa fiye da wanda ya fara da girmansa. Amma ɗanyen iccen da ya lanƙwashe ta can, shi ne dai mai sauƙin dawowa ta nan. Yaro ɗan 16 da ya yi watanni yana sha, ba ɗaya yake da magidancin da ya shekara goma ba.

Bari mu tantance abin da muka sani. Kin ga kati, kin ga kwalba. Kin ce "shagonsu", wato ba shi kaɗai ke kwana a ciki ba, kuma kowa ya san shagon samari tasha ce, abokai na shiga suna fita. Yawan barcin safe da saurin fushi kuwa ko yaron da bai taɓa ganin ƙwaya ba yana yin su a wannan shekaru, don barci ba ya ɗaukarsu da wuri alhali jikinsu na neman awa 8 zuwa 10. Sai dai idan aka haɗa rama, da ƙin abinci, da ɓatan kuɗi, da katin da aka sha rabi a ƙarƙashin katifarsa, ni dai zuciyata ta fi karkata ga cewa yana sha. Tun yaushe, nawa a rana, da me da me yake haɗawa, me ya kai shi, duk wannan babu mai faɗa mana sai shi. Ga shi kuma babu wanda ya tambaye shi.

A nan nake son mu daɗe, a kan kunyar ɗan fari. Ni ma da ita aka raine ni, kuma ba na raina ta. Amma ki tuna yadda abin yake a gidajen iyayenmu. Uwa tana kawar da kai daga ɗan farinta ne saboda akwai masu riƙe shi: kaka ta ɗauke shi tun yaye, ga goggo, ga baffa a sashe ɗaya, ga kawu yana leƙowa, ga dattijon unguwa da zai tsawata masa a waje ba tare da an ce ina ruwansa ba. Yau fa? Uba yana kan hanya sati uku, baffa yana wata unguwa da tasa hidimar, maƙwabci yana tsoron taɓa ɗan wani. Muka riƙe kunyar, masu riƙon suka watse. Yaron ya tashi ba shi da babban da zai faɗa wa abin da ke ci masa rai, sai 'yan majalisa, su kuma maganin da suke da shi ke nan kika gani. Don haka ki ajiye alkunyar nan gefe na ɗan lokaci. Ba sai kin kama sunansa ba, ki kira shi da wanda kike sakaya shi da shi, amma lallai ya ji maganar daga bakinki.

Ki zaɓi lokacin da yake cikin hayyacinsa, ƙannensa suna makaranta, abokiyar zamanki tana nata ɗakin. Kada ki tare shi da dare ya dawo yana layi, ba zai ji ba, ke ma ba za ki iya riƙe bakinki ba. Ki ba shi abinci, ki zauna kusa da shi kina wani ɗan aiki, tsintar wake ko gyaran zogale, don samari sun fi sakin baki idan ba a tsare su da ido ba. Sannan ki ce masa a hankali: "Na ga abin da ke ƙarƙashin katifarka. Ban kira ka don faɗa ba, tsoro nake ji. Faɗa mini, tun yaushe?" Daga nan ki yi shiru. Zai iya cewa ajiya aka ba shi, zai iya rantsuwa, zai iya tashi ya fice. Kada ki sa shi dafa Alƙur'ani, kada ki jawo maganar dubu 15 a ranar, kada ki ce ya dubi ɗan wance. In ya musa, ki ce: "To na ji. Mu je likita ya duba ka, hankalina ya kwanta." In ya buɗe baki kuma, ki saurari dalilin da kyau. Wani don ya jure tsayuwar kasuwa daga safe zuwa dare aka fara ba shi, wani don ya iya yi wa yarinya magana, wani karatu ne ya gagare shi yana jin kunyar faɗa, wani kuma wani babba ne ya yi masa abin da bai iya gaya wa kowa ba. Maganin kowanne daban.

In kin ga bakinki ya kasa, ga mahaifiyarki nan. Jika da kaka abokan wasa ne, abin da ba zai faɗa miki ba zai iya faɗa mata cikin raha. Ko wani ƙaninki da yaron ke sakewa da shi. Amma su zama ƙari ne a kan maganarki, kada su maye gurbinta.

To sai mahaifinsa. Amsar tambayarki ita ce ki faɗa masa. Ɗansa ne, haƙƙinsa ne ya sani, kuɗin asibiti daga aljihunsa za su fito, kuma irin wannan magana ba ta ɓoyuwa. Ranar da ya ji a bakin mai shayin unguwa, ko aka kira shi daga ofishin 'yan sanda, fushin zai zama biyu: na yaron, da naki da kika sani kika rufe. Kuma ina so ki yi masa adalci. Mutumin da ke kwana a tashoshin mota ya fi ni da ke sanin abin da ƙwaya ke yi wa matasa, ya ga yaran mota da ta lalata da idonsa. Barazanar da yake yi, tsoro ne ya fito da kayan faɗa. Uban da bai damu ba ba ya irin wannan rantsuwa.

Abin da ke hannunki shi ne yadda za ki faɗa. Kada ki kira shi a waya yana kan titi da lodi. Kada ki tare shi ranar da ya sauka a gajiye. Ki bari ranar girkinki, ya ci ya huta. In kin san zafin nasa ya wuce ki tare shi ke kaɗai, ki fara samun wanda yake jin nauyi, yayansa ko amininsa ko limamin masallacinku, a yi zaman tare. Kuma kada ki je masa da kuka kaɗai, ki je da shawara a hannu: ga abin da na gani, na yi magana da shi ga abin da ya ce, ga asibitin da nake so mu kai shi ranar kaza. Namiji idan aka kawo masa matsala babu mafita, sai ya ɗauko wadda ya sani, wato bulala. Ki nuna masa kuma akwai aikin da babu mai iya yi sai shi. Ko kiran minti biyar ne kullum daga inda ya yada zango, ya tambayi yaron yadda ya wuni ba tare da tuhuma ba, zai yi tasirin da ba ku zata ba.

Gidan mari kam, ina roƙonku da girman Allah kada ku kai shi. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, jikinsu duk tabon duka, wasu suka ba da labarin lalatar da aka yi da su. Cikin 'yan makonni aka sake buɗe wasu a Daura da Katsina da wasu garuruwa. Iyayen da suka kai su ba mugaye ba ne, gajiya suka yi, suka biya kuɗi don a gyara musu 'ya'ya. Na san wani yaro a unguwarmu da ya yi wata bakwai a irin wurin. Ranar da ya dawo ina gidan, ya zauna a bakin rijiya yana jan ƙafar wando yana rufe idon sawunsa, inda ƙarfen ya ci. Uwarsa ta miƙa masa fura, ya karɓa da hannu biyu yana sunkuyar da kai kamar baƙo. Kowa ya ce ya shiryu. Kafin wata ya zagayo ya koma, kuma wannan karon da abokan da ya samo a can. Mari yana hana hannu kai wa ga ƙwaya muddin yana ƙafa, amma bai taɓa abin da ya kai yaron gare ta ba.

Batun sallama wa duniya kuwa, ai hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yaron da aka kora daga gida daba ce ke karɓarsa. Ku kuma kiyayi baki, ke da shi. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya hana mu yi wa 'ya'yanmu mummunar addu'a, kada ta dace da lokacin amsawa. A Bukhari kuma akwai labarin mutumin da aka sha kawowa saboda shan giya, wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Wannan hadisi ya dace liman ya tuna wa maigidanki.

Mahaifiyarki kuma a gode mata, kada a gwale ta. Addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza, ku dage da ita. Sai dai kalmar sammu tana da wani lahani a gidan da ke da mata biyu: yau an ce sammu ne, gobe za a fara neman wanda ya yi, ido kuma ya faɗa kan abokiyar zamanki da ba ta ji ba ba ta gani ba. Ƙwayar nan wani ne ya sayar, wani ya miƙa, yaro ya haɗiya. Ita abokiyar zaman taki, in tana da ɗa da ke kwana a shagon, to ita ma abin ya shafe ta, kuma maigida ne ya kamata ya sanar da ita, ba tsegumin tsakar gida ba.

Yanzu asibiti. A nan Kano akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, akwai kuma sashen likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. In kun fi son nesa da idon sani, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, yana da sashe na musamman na masu shaye-shaye. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ma tana da masu ba da shawara, ba kame kaɗai take yi ba. Na san da an ce Dawanau gaban mutum ke faɗuwa, a ce an mayar da yaro mahaukaci. Ba haka ba ne. Da yawa ba a ma kwantar da su, ganin likita suke zuwa su dawo gida. Za a zauna da shi, a iya gwada fitsarinsa, a duba ko akwai ciwon damuwa a ƙarƙashin abin, a tsara yadda zai bari. Dalilin da ya sa na nace da likita shi ne, wanda jikinsa ya saba da tiramol idan ya bari farat ɗaya yakan sha wuya: gumi, ciwon gaɓoɓi, zawo, yawan hamma, rashin barci, har ya gwammace ya koma. In kuma yana haɗawa da ƙwayoyin sa barci irin su rochi ko diyazafam, yankewa lokaci guda na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Kulle shi a ɗaki a ce ya bari da ƙarfin tsiya ganganci ne.

Wannan kuma ki riƙe shi da kyau ko Allah Ya kiyaye. In kika tarar da shi ana tashinsa ba ya tashi, numfashi yana fita sama-sama ko yana wani irin minshari, leɓɓansa sun canza launi, ko yana jijjiga, kada a ɗura masa madara ko manja, kada a cusa masa cokali a baki. Wanda ba ya cikin hayyacinsa abin da aka ɗura masa huhu yake tafiya. A kwantar da shi ta gefe, a nemi mota, sai asibiti mafi kusa, kuma a faɗa wa likita gaskiyar abin da ake zargin ya sha.

Kasuwa fa? Ban ce a cire shi ba kai tsaye, don sana'a abin riƙewa ce, zaman banza kuma ya fi kasuwa haɗari. Maigida ya je ya zauna da ubangidan nasa, a ji su wa yake yawo da su, ƙarfe nawa ake tashi, nawa yake samu. In a rumfar ake sha, a canza masa wuri. In a hanya ne, a sa masa lokacin dawowa, kafin Magariba misali, kuma a tsaya a kai. Kuɗin da yake samu ya riƙa kawo miki ajiya kuna rubutawa tare, daga ciki ya biya dubu 15 ɗin nan kaɗan-kaɗan in ya amsa shi ya ɗauka. Biyan zai fi masa amfani fiye da yafewa, zai ji ya wanke kansa. Kwanan shago a dakatar da shi tukuna, ya dawo cikin gida ko da falo ne. Ki leƙa makarantarsu ki ji ko yana zuwa, ki kuma roƙi malaminsa na Islamiyya ya jawo shi jiki, ko da ba shi 'yan ƙananan aji ne ya riƙa yi musu biya. Yaron da aka ba amana yakan ji kunyar zubar da ita. Dukan ƙanne kuwa a faɗa masa a fili cewa ba za a lamunta ba, su ma 'ya'ya ne, kuma idonsu na kansa.

Ki shirya wa ranki cewa zai iya bari ya yi wata biyu garau sannan ya sake zamewa. Hakan na faruwa da yawancin masu fama da wannan, ba ya nufin an yi asarar wahala. A koma wurin likita, a duba abin da ya jawo, a ci gaba.

Kati da kwalbar nan kuma, in suna nan, kada ki jefar. Ki ƙulle su a leda ki tafi da su ranar ganin likita, don zai so ya ga lambar da ke jikin katin. Tiramol ɗin da hukuma ta yarda a sayar da takardar likita mai miligiram 50 ne ko 100, na bayan fage kuwa yakan kai 225. Ki sake rubuto mini bayan kun zauna da mahaifinsa, in ji yadda kuka yi.